SANA'AR HANNU: Zirin takarda mai ado da ƙaron ƙasar Gure

Duk shekara idan Oktoba ta kama, ruwa ya ɗauke, manoma suka shiga ɗaurin gero, sai teburan ƴan tireda na kasuwar Gidigir su sake kama. Gefen da aka saba jera sabulu da ashana da batir sai ya cika da kaye da bik da kiriyo da alli, domin lokacin komawa lakwal ya yi. Uban da ya sayar da akuya ko buhun wake yakan tsaya gaban tebur ya yi ciniki har ya gaji, ya biya kuɗin kaye huɗu ko biyar, ya miƙa wa yaro tare da gargaɗin ya riƙe su da kyau. Amma kafin sanyin Janairu ya wuce, bangon kayen ya rabu da cikinsa, kusurwoyi sun naɗe kamar busasshen ganye, shafin tsakiya kuwa ya faɗi a kan hanya tsakanin gida da aji. Darasin wata uku ya tafi ke nan, uba kuma zai sake sa hannu a aljihu daidai lokacin da hatsi ya fara tsada.

Maganin da kowa ya sani shi ne sikoc, wanda maƙwabta na Najeriya ke kira salatif. Da shi ake ɗaure kayen yaro, da shi ake haɗa littafin karatun da yara uku ke leƙawa a benci ɗaya, da shi ɗan kasuwa ke tallabe littafin bashinsa, da shi ma'aikaci ke liƙe dosiyen da ya yage a biro. Filin wannan mako zai duba wani ɗan'uwan sikoc da aka yi da takarda mai launi da zane, wanda duniya ta sani da sunan washi: inda ya samo asali, ƙananan ayyukan da ake yi da shi, wuraren da bai kamata ya taɓa ba, da kuma yadda dajin Gure ya daɗe yana ɗauke da abin da za a yi irinsa a gida.

Daga garejin fenti zuwa kantin takardu

Labarin ya faro ne a Amurka a shekarar 1925. Wani matashin ma'aikacin kamfanin 3M a birnin Saint Paul, mai suna Richard Drew, ya lura da wahalar masu fentin mota. A zamanin ana yayin mota mai launi biyu, kuma abin da suke mannawa don raba launi da launi yakan tashi da fentin idan an zo ɓare shi. Sai ya ƙirƙiro zirin takarda mai danƙo kaɗan, wanda zai kama ya kuma saki ba tare da ɓarna ba. A 1930 shi ɗin dai ya fito da mai sheƙi da ake gani ta cikinsa, aka sayar da shi da sunan Scotch, sunan da ya biyo ta bakin Faransawa har ya zama sikoc a kasuwannin Nijar.

Mutanen Japan kuwa sun ɗauki dabarar suka haɗa ta da takardarsu ta gargajiya, wadda ake yi da ɓawon wasu itatuwa irin su kozo. Zaren wannan ɓawo dogo ne, shi ya sa takardar take da sirantaka amma ba ta saurin yagewa. A birnin Kurashiki na lardin Okayama akwai wani kamfani mai suna Kamoi Kakoshi, wanda aka kafa a 1923 don yin takardar kama ƙuda, daga baya ya shiga yin zirin takarda na masu fenti da magina. Shekara da shekaru babu wanda ya ɗauki abin a matsayin kayan ado. A 2006 wasu mata uku suka rubuto wa kamfanin suna neman izinin ziyartar masana'antar, domin su da wannan ziri na magina suke ƙawata takardu da ƙananan littattafai. Bayan jinkiri aka karɓe su, aka ga aikin hannunsu, aka kuma saurari roƙonsu na a ƙara launuka. A 2008 kamfanin ya fito da samfurin da ya raɗa wa suna mt, mai launi 20, kuma daga nan abin ya bazu duniya, masana'antun wasu ƙasashe, musamman Sin, suka shiga yin irinsa da araha.

Ya kamata a bambanta abu biyu. Takardar washi ta hannu, wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a Nuwamban 2014, aikin gwanaye ne na Japan, kuma tana da tsada. Zirin da ake sayarwa a naɗe inji ne ke yin takardarsa. Abin da ya gada dai shi ne hali: ana yanke shi da yatsa ba sai da almakashi ba, ana rubutu a kansa da bik ko kiriyo, ana ɓare shi a sake manna shi idan an karkace, kuma galibi ba ya barin dauɗa. Faɗin da aka fi samu milimita 15 ne, tsawon naɗi kuwa daga mita 5 zuwa mita 10.

Ado a kan takarda ba baƙo ba ne a nan

Wanda ya ce ƙawata takarda al'adar Turawa ce ko ta Japan, bai leƙa gafakar malaman ƙasar nan ba. Gure ita ce hedikwatar tsohuwar masarautar Muniyo da ke ƙarƙashin Barno, inda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a Disambar 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. A wancan ƙarni takarda mai alamar wata uku tana fitowa daga arewacin Italiya, ta sauka Tarabulus, ta ratso Fezzan da Kawar a bayan raƙumi kafin ta iso hannun marubutan Barno da Hausa. Abin da ya sha irin wannan tafiya ba a wasa da shi. Marubuci yakan rubuta baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da rawaya, ya zana zayyana a wuraren tsayawa, sannan a adana warƙoƙin a cikin tadarishi, a sa a gafakar fata. Har yau almajirin da ya sauke yakan fito da allo mai zayyana yana zagaya dangi.

Abin da ke riƙe wannan tawada a jikin allo da takarda shi ne ƙaro, wato danƙon icen dakwara, wanda ƙasar Gure ta yi suna da shi tun zamanin mulkin mallaka. Haka nan matan karkara da ke rina kaba su saƙa faifai da tabarma, da maginan da suka zana dagi a bangayen Birnin Damagaram, duk sun san sirrin jera launi kusa da launi. Saboda haka idan zirin takarda mai ado ya shigo, hannun da zai karɓe shi ya riga ya ƙware. Abin tambaya kawai shi ne a wane aiki za a sa shi don ya biya kuɗinsa.

Ayyuka biyar da ba su buƙatar gwani

Na farko, kuma mafi amfani, shi ne ƙarfafa kaye tun yana sabo, domin Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ƙananan wayoyi biyu ne ke riƙe da shafukan kaye, kuma su ne ke yin tsatsa ko su yaga takarda. Sai a buɗe kayen a tsakiya, a huda wuri uku a kan ninkin da allura, a shigar da zare ta hudar tsakiya, a fito ta sama, a koma ta ƙasa, a dawo tsakiya a ƙulle. Bayan nan a rufe bango da takarda mai kauri, a shimfiɗa ziri a gadon bayan kayen daga sama har ƙasa, rabi a gaba rabi a baya, a kuma liƙa guntu a kowace kusurwa. Ziri mai faɗin milimita 15 ya ishi siririn kaye. Mai shafi 100 ko 200 yana son faɗin santimita 3, ko kuwa a jera biyu. Lissafin mai sauƙi ne. Kayen lakwal na yau da kullum tsawonsa santimita 22 ne, idan an ƙara 2 na ninkewa ya zama 24. Naɗi mai mita 10 zai ba da ziri 41, mai mita 5 kuma 20. Ke nan naɗi guda ya kusa isar rabin babban aji.

Na biyu shi ne alamar shafi. A yanki guntu mai tsawon ɗan yatsa, a manna rabinsa a bakin shafi, a ninko sauran ta baya yadda zai leƙo waje kamar kunne, a rubuta suna a kai. Ɗalibi zai ba lissafi ja, nahawu shuɗi, tarihi kore. Ɗan kasuwar da ke ba da kaya bashi ga mutanen ƙauyuka daban-daban zai ba kowane ƙauye launinsa, ranar kasuwa idan mai bashi ya tsaya gabansa ba sai ya yi ta lasar yatsa yana juya shafi ba, alhali wasu masu saye na jira. Ma'aikacin da dosiye suka taru a teburinsa zai iya ware na gaggawa da na jiran sa hannu da kallo ɗaya. Wannan dabara tana da wata fa'ida a ƙasar da masu karatun boko ba su da yawa: yaron kanti ko uwargidan da ba ta shiga lakwal ba tana gane launi ko da ba ta gane harafi.

Na uku shi ne gwangwani. Na tumatir ko na madara, idan an wanke shi ya bushe, a fara dandaƙe bakinsa da guduma don kada ya yanki yaro, sannan a zagaye shi da ziri layi bayan layi, ana sauya launi kamar yadda ake yi a faifai. Ya zama mazubin bik da kiriyo a teburin mushe, ko ma'ajin allura da maɓalli na tela. Mai murfi kuwa, a tsaga murfin a liƙe gefensa, ya zama asusun yaro, kuma duk wanda ya buɗe shi a ɓoye zirin zai tona masa asiri.

Na huɗu shi ne ambulan na biki da suna. Maimakon a dunƙule gudummawa a miƙa a tafin hannu ko a ƙulle ta a leda, sai a ninke farar takarda gida uku, a rufe gefuna da ziri mai zane, a rubuta sunan mai bayarwa a kai. Uwar biki za ta san wanda ya kawo da abin da ya kawo, ranar ramawa babu gardama. Ba laifi a tuna cewa tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 doka mai lamba 2014-63 ta hana shigowa da siririyar leda da sayar da ita a Nijar, ko da yake duk wanda ya dubi ƙayoyin bakin kasuwa ya san inda dokar ta tsaya. Makiyayan da ke kawo dabbobi Gidigir sun fi kowa sanin abin da leda ke yi a cikin tumbin akuya.

Na biyar na aji ne. Tsarin karatun firamare na ƙasar nan ya tanadi lokacin ayyukan hannu, amma sau da yawa lokacin yakan ƙare a sharar fili saboda rashin kayan aiki. Da kwali ɗaya da ziri kala biyu yara za su iya fitar da murabba'i da alwatika da layukan da ba sa haɗuwa, su kwaikwayi dagi, su auna santimita 10 su raba shi biyu su raba huɗu, su ga rabi da rubu'i da idonsu. Gani ya kori ji. Haka kuma ana iya manna jadawalin mako ko zanen yara a bango a cire ba tare da an ɓantare farar ƙasa ba.

Inda ba a manna shi

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, don haka wajibi ne a faɗi iyakar abin. Takardar haihuwa, da takardar shaidar ɗan ƙasa, da difloma, da takardar fili ko ta gona, babu irin sikoc da ya kamata ya taɓa su, na roba ne ko na takarda. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar akwati ya ga yadda abin ke ƙarewa: danƙon yakan narke ya nutse cikin takarda, ya koma ruwan ƙasa, ledar ta ɓalle ta bar tabo, wani lokaci ta tafi da rubutun da hatimin. Yaron da takardar haihuwarsa ta lalace haka yana iya samun cikas ranar haɗa dosiyen jarrabawar BEPC, uba kuma ya shiga zirga-zirga tsakanin Gidigir da Gure a lokacin da ya kamata yana gona ko kanti. Hanya mafi aminci ita ce a yi fotokwafi tun takardar na da lafiya, a kai mariye a buga hatimin tabbatarwa, a riƙa yawo da kwafin, asalin kuwa a shimfiɗa shi ba ninki a cikin kwali, nesa da rana da gara.

Haka hukuncin yake, har ma ya fi tsanani, ga Alƙur'ani rubutun hannu da littattafan kakanni. Masu gyaran tsofaffin takardu a duniya ba su amfani da sikoc. Siririyar takardar kozo suke sawa da kunun sitacin alkama, saboda ana iya jiƙa shi a cire bayan shekaru ba tare da an cuci rubutun ba. Wanda ya gaji irin waɗannan warƙoƙi gara ya bar yagar yadda take, ya sa farar takarda tsakani, ya nemi shawarar masana. Cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai tana da sashe na musamman mai adana dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, tarin da marigayi Bubu Hama ya assasa.

Takardar kuɗin da ta yage ma ba ta son ziri mai launi, domin zai rufe lamba, mai karɓa ya ƙi ta. Bankin BCEAO, wanda ke da reshe a Damagaram, shi ke da alhakin canza lalatattun takardun kuɗi bisa ƙa'idojinsa. Wayar lantarki kuwa, takarda ba ta tare wuta, ci take yi. Baƙin sikoc na masu gyaran lantarki shi ne nata. Sannan ba filasta ba ne, ba a rufe ciwo da shi.

Akwai kuma abokan gaba biyu da yanayin ƙasar ya tanada. Zafin Afrilu da Mayu yana sa danƙon naɗin ya yi laushi ya manne da juna, ƙurar hunturu kuma idan ta hau gefensa sai ya daina kamawa. Ɗan tiredan da ya baje shi a rana kamar goro zai yi asara. Wurinsa gwangwani mai murfi a inuwa, a fito da ɗaya kawai don nuni.

Na gida: ƙaro da takarda

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Tambur ɗin wasiƙa da ake lasa a manna, shekaru masu yawa da irin wannan ƙaro ake shafe bayansa, kuma dabarar ba ta fi ƙarfin kowane gida ba. A tsince ƙaro mai haske, a cire ɓawo da yashi, a daka shi, a zuba awo ɗaya cikin awo biyu na ruwan ɗumi, a bar shi ya kwana, da safe a tace da tsumma mai tsabta. Ƴan ƙwayoyin kanumfari a ciki suna jinkirta tsaminsa. Sai a nemo takarda mai ƙarfi: tsohuwar kalanda, ko babbar ambulan ta biro, ko takardar buhu mai ruwan ƙasa. Idan ta siminti ce, a ɗauki falle na tsakiya a kakkaɓe shi sarai, ko da yake yanzu buhun siminti da yawa na roba ne.

Ado ake fara yi kafin danƙo. Baƙi daga tawadar allo, ja daga karan dafi da ɗan kanwa kamar yadda dukawa ke yi, rawaya daga gangamau, shuɗi daga bular wanki. A sassaƙa ɗan zane a jikin dankali ko guntun ƙwarya a riƙa dangwalawa a jere. Idan ya bushe a kifa takardar a kan allo, a danne gefunanta don kada ta naɗe, a shafa ruwan ƙaro siriri da burushi ko gashin kaza, a shanya a inuwa inda ƙura ba ta kai. Daga nan a sa regil da reza a yanka. Farar takardar biro mai faɗin santimita 21 tana ba da ziri 7 masu faɗin santimita 3, kowanne ya ishi gadon bayan kaye har da saura. A naɗe su a guntun kara a ajiye. Ranar aiki a shafa ɗanyen tsumma a gefen danƙon kawai, a manna, a danne da tafin hannu.

Gaskiya dai ɗaya ce: wannan bai kai na kanti sauƙi ba. Idan ya kama ya kama, ba a ɓare shi a gyara. Ƙaro idan ya yi kauri yakan tsage, ɗan sukari yana hana tsagewar amma yana gayyato kiyashi. Laimar Agusta tana iya sa naɗin ya manne tun ba a jiƙa shi ba, launin gargajiya kuma yakan zuba idan ruwa ya yi yawa. Saboda haka alamar shafi da abin mannawa a bango sun fi dacewa da na kanti, gadon bayan kaye da kusurwa da ambulan kuwa, inda ake son abu ya zauna daram, na gida ya wadatar.

Lissafin ɗan kasuwa

Mai karatun da ke da tebur ko kanti zai so ya ji riba. A ɗauka, don misali kawai, naɗi mai mita 10 ya iso hannunsa a kan jika ɗaya. Idan aka raba sefa 1000 gida 41, kowane kaye ya ci kusan dala 5. Uban da ba zai sayi naɗi sukutum ba yana iya biyan ɗan abu a gyara masa kaye biyar nan take a bakin tebur, kamar yadda ake ba mai gyaran takalmi. Wato abin sayarwar shi ne aikin, ziri da zare da allura kayan aiki ne. Yaro ɗaya mai natsuwa a gefen tebur cikin makonni biyu na komawa lakwal ya isa a gwada a gani.

Sai dai tarihin kasuwar ƙasar nan ya koyar da hattara game da duk abin da ke zuwa daga nesa. Waɗanda suka yi ciniki a Janairun 1994 ba su manta yadda aka wayi gari darajar sefa ta ragu da rabi ba, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa farkon 2024, kuma kowane karo kayan da ke biyowa daga Kano ta Maigatari ko Magarya sun yi wuya a kasuwar Dole ta Damagaram, balle a Gidigir. Sana'ar da ta dogara kacokan ga naɗin da aka yi a Sin tana iya tsayawa rana ɗaya. Wadda ta san hanyar dakwara ba ta tsayawa.

A nan ne darasin Kurashiki yake. Kamfanin bai ƙirƙiro sabon abu ba, tsohon kayansa ne ya ƙara wa launi bayan ya saurari mata uku da suka san abin da suke so. Ƙaro kuwa kaya ne da duniya ke nema: yana shiga lemun kwalba da alewa da magunguna, Turawa sun ba shi lamba E414, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, ƙasar da ta fi kowace fitar da shi, ya sa masu saye waige-waige. Amma ƙasar Gure ɗanye take sayar da nata a buhu, ribar sarrafawa ta tafi wani wuri. Zirin takarda ba zai sauya wannan ba, ƙaramin abu ne ƙwarai. Abin da zai iya yi shi ne ya nuna wa yaro cewa abin da ke ɗiga daga icen bayan gari yana iya zama kaya mai fasali a hannunsa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya san amfanin dakwara ma ba ya saurin sa mata gatari, a yankin da rairayi ke barazanar binne kwaruruwan dabino da kanwa.

Ƙungiyoyin asusu na mata, irin na Mata Masu Dubara da aka faro a jihar Maraɗi a 1991 suka kuma yaɗu ƙasa baki ɗaya, suna da tsarin da zai iya ɗaukar irin wannan aiki: jari kaɗan, zama ɗaya a mako, kasuwa a ƙofar lakwal da gidan biki. Diraktocin lakwal suna da lokacin ayyukan hannu da ke jiran abin yi. Ƴan kasuwar da ke zuwa Damagaram sari suna iya sako naɗi goma a cikin kaya don gwaji, ba kwali guda ba. Ma'aikacin mariye kuma, duk sa'ad da aka miƙo masa takardar haihuwa mai tabon sikoc, yana iya ɗaukar minti ɗaya ya yi wa mai ita bayani cikin ladabi: «Baba, wannan a bar ta a gida cikin kwali, a kawo kwafi a buga hatimi.»

Idan an yi haka, kayen da aka saya da kuɗin akuya a Oktoba zai iya kaiwa Yuni da bangonsa da shafin tsakiyarsa, yaro ya yi bitar jarrabawa da rubutun hannunsa. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, filin zai duba yadda ake rina kaba da karan dafi don saƙar faifai. Allah ya sa albarka a sana'a.